Kalmar da Ka Duba Jiya, Ina Take Yau?

Yau daga Damagaram nake yi muku magana, maganar tawa kuwa a kan mantuwa ce. Wanda ke da kaye da alƙalami kusa ya jawo su, gama akwai abin rubutawa a gaba.

Akwai wani baduku a unguwar Birni, ɗalibina ne a ajin dare. Aka rubuta masa takardar awon jini a likita, can ƙasan takardar aka sa kalmomi biyu na Faransanci, à jeun. Da ya koma gida ɗansa ya duba masa cikin tarho, ya ce ma'anarsu ita ce mutum ya zo bai ci kome ba. Ya ce to, ya gane. A lokacin saura kwana tara ranar awon. Da ranar ta zo ya ɗauko takarda, ya dubi kalmomin nan, ransa ya ba shi cewa "da sassafe" suke nufi. Sai ya yi sammako, ya sha kokonsa da ƙosai, ya hau kabu-kabu. Ya bi layi har hantsi, sa'an nan aka tambaye shi ko ya karya. Aka ce ya koma sai wani mako. Kuɗin kabu-kabu ya tafi, yinin aiki ya tafi, ciwo kuwa yana nan inda yake. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi, ya san kalmar kamar yadda kakan san fuskar mutum a kasuwar Dole, amma sunan ya ƙi zuwa bakinka.

To, jama'a, wane ne cikinmu irin wannan bai taɓa samu ba? Duba ma'anar kalma ya yi sauƙi a zamanin nan. Da can sai mai hali ke da ƙamus. Na Bargery, wanda ya fito a 1934, yana da kalmomi wajen 39,000, nauyinsa kamar tubali. Mu nan Nijar muna da ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci wanda Abdou Mijinguini ya tsara, a Kano kuma Jami'ar Bayero ta fitar da nata na Hausa zalla a 2006. Tun ƙarshen 2013 Google Translate ta sa Hausa cikin harsunanta, har ya zama yaro ɗan lakwal yakan latsa tarho ya ba ka amsa kafin ka rufe baki. Amma ruwan da ka zuba cikin randa mai yoyo, ko da guga ka jawo shi ko ɗan garuwa ya kawo maka, da safe ba ka iske shi. Mu mutanen Zandar ba sai an gaya mana darajar randa mai riƙe ruwa ba.

Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya taɓa auna yoyon nan a kan kansa, ya buga abin da ya gano a 1885. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bari lokaci ya wuce, sa'an nan ya ga wahalar da zai sha kafin ya sake haddace su. Bayan sa'a guda tak, sai ya sake fiye da rabin aikin. Bayan kwana ɗaya, kashi biyu cikin uku. Bayan wata guda, wajen kashi huɗu cikin biyar. Ku lura da lissafin nan da kyau. Abin da ya zube a ranar farko ya fi abin da ya zube a sauran watan duka nesa ba kusa ba. Watau kalmar da ka duba da hantsi, in ba ka waiwaye ta kafin ka kwanta ba, ka sake waiwayarta gobe, to ka yi sallama da ita. Kada wani ya ce tsufa ne ko ƙwaƙwalwarsa ce ta tabo. Haka Allah ya yi mu duka, da mai furfura da ɗan sakandare.

Maganin abin kuwa yana nan tsakar garinmu tun kafin a haifi Bajamushen. Ku tsaya wata rana bakin tsangaya, a Garin Malam ko a ƙauyenku, ku duba yadda ake yi. Ba ina gwama Littafin Allah da kalmomin Nasara ba ne, Allah ya kiyaye. Hanyar riƙewa nake so ku gani. Kolo yakan sami ɗan kaɗan a allonsa, ba a cika masa shi. Malam ya biya masa, ya koma ya yi ta maimaitawa da ƙarfi. Ba ya wanke allon sai ya kawo shi da ka, allo a kife. Bayan ya wanke ma ba a rabu da shi ba, sai ya riƙa tishin na baya, da dare da asuba. In ya zama gardi har satu yake yi, watau ya rubuta allonsa da ka ba tare da ya duba ba, sa'an nan a gyara masa. Ga ɗauka kaɗan-kaɗan, ga faɗi da baki, ga rubutu da hannu, ga kuma komawa baya a kai a kai. Abin da na fi so ku riƙe cikinsu shi ne kife allo.

Dalili kuwa, kallon kalma da jawo ta daga ka ba ɗaya ba ne. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani nassi. Kashi ɗaya suka yi ta karanta shi har zama huɗu. Ɗaya kashin zama guda suka yi na karatu, sa'an nan aka karɓe takardar, aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu yawan karantawa ne a gaba. Amma bayan mako guda sun riƙe kashi 40 cikin 100 kurum, waɗanda aka sa tunowa kuwa sun riƙe kashi 61. Shi ya sa mutum yakan duba kayensa ya ce ai duk na san waɗannan, alhali ido ne ya san su. Rufe ma'anar da tafin hannunka, ka tambayi kanka. Ɗan nishin nan da kake yi kana lalubo ta cikin kai, shi ne ke kafa ta.

Yanzu ku rubuta. In kun duba kalma, kada ku rubuta ta ita kaɗai kamar marainiya. Ku rubuta ta tare da jimlar da kuka tsince ta ciki, da wurin da kuka gan ta. Ɗauki kalmar pièce. A takardar haya ɗaki ce. A bakin ɗan sanda takardar shaida ce. A garejin makanike kayan gyaran mota ce, a hannun mai tebur kuwa tsabar kuɗi. In ka rubuta "pièce, ɗaki" ka tashi, ranar da jandarma ya tsai da motarku a hanyar Magarya ya ce a fito da ita, me za ka miƙa masa? Hausa ma haka take. "Fari" na launi daban, na rashin ruwan sama daban, na ido daban. Sa'an nan ma'anar, ku sa ta da Hausar bakinku. Tarho yakan ba da Hausar Kano, ya ce asibiti inda mu muke cewa likita, wani lokaci ma ya kawo abin da ba Bahaushen da ya taɓa faɗi. In amsarsa ta yi maka bambaraƙwai, tambayi mushe ko ka duba ƙamus na takarda kafin ka haddace kuskure, gama kuskuren da aka yi wa tishi ya fi wuyar fita.

A kan zancen jimla, bari in ɗan ratse in ba ku labarin wani ɗan ƙasar nan. Sunansa Dorugu, an haife shi a Dambanas kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi bauta, aka kai shi Kukawa ta Barno, inda wani Bajamushe, Overweg, ya ƴanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852 sai ya bi Barth, suka ratso ta nan Zandar, suka je har Tambutu, a 1855 kuma suka isa Ingila. Can ya zauna gidan wani mai wa'azin Kirista, Schön, wanda ya daɗe yana tara kalmomin Hausa. Abin da Dorugu ya ba shi ya wuce jerin kalmomi. Zama ya yi yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa. Da taimakon wannan Schön ya fitar da nahawunsa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, shekarar da Ebbinghaus ya buga nasa. Dorugu ya dawo, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. In Bature bai iya kama Hausa ba sai da aka ɗora masa ita kan labari, kai ma Faransanci ko Ingilishi ba za su zauna maka tsirara ba.

Mu koma kan aiki. Ka sami kwalin sukari ko na shayi, ka yanka shi ƙanana. Gaba ka rubuta kalmar da jimlarta, baya ka rubuta ma'ana. Ka nemi gwangwani uku. Sabuwar kalma ta shiga na farko, wanda za ka zazzage kullum. Wadda ka faɗi daidai ba ka juya katin ba, ta wuce na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana uku-uku. In ta sake fitowa daidai, ta wuce na uku, shi kuwa sai ranar Alhamis, ranar kasuwa, don kada ka manta. Wadda ta kuɓuce maka, ko daga gwangwani na nawa take, ta koma na farko ba roƙo. Wannan dabara wani ɗan jarida Bajamushe ne, Sebastian Leitner, ya bayyana ta a 1972, shi da akwati mai gida biyar ya yi. Amfaninta, ba ka ɓata lokaci kan abin da ka riga ka sani, mai gardama ce ke yawan dawo maka.

Manhajojin tarho da ake ta zancensu, gwangwanin nan ne aka zuba cikin na'ura. Wani ɗan ƙasar Folan, Wozniak, ya fara sa kwamfuta ta yi lissafin ranakun a 1987. A 2006 aka fitar da Anki, sunanta kuwa hadda yake nufi da Japananci. Irin tata ta tarhon Android, AnkiDroid, kyauta ce, in ka sauke ta sau ɗaya tana aiki ko ba intanet. Kai za ka rubuta katinka. Ita kuma ta nuna maka gaba, ka yi ƙoƙarin tunowa, ka latsa ka ga baya, sa'an nan ka gaya mata ko ka kasa, ko da ƙyar, ko daidai, ko cikin sauƙi. Da wannan take yanke ranar da za ta sake kawo maka ita, gobe ko jibi ko sai bayan wata biyu. Tana karɓar hoto da murya, abin da zai taimaki wanda karatunsa bai nuna ba tukuna.

Ga ra'ayina a kanta, ban ɓoye muku ba. Tana da kyau ƙwarai wajen tuni, gama ba ta mance ranar kowace kalma. Amma in ka bar ta yadda ta zo, sababbin kati 20 za ta riƙa ɗora maka kullum, kafin mako biyu sun taru sun yi maka tsibi, ka ji tsoron buɗe ta. Mai da su biyar. Biyar a rana, in ka ɗore, sun haura 1,800 a shekara. Kada kuma ka sauko da tarin katin da wani ya shirya a wata ƙasa. Kayan aro ba ya rufe katara, kalmomin da ke cikin takardar likitarka da rasit ɗin bashinka da wasiƙar lakwal ɗin ɗiyarka su ne naka. Na'ura kuma ba ta san ƙarya ba. In ka kasa ka latsa "daidai" don jin kunya, kanka ka cuta. Tauraron nan da ake latsawa a Google Translate don ajiye kalma, ajiya ce kurum, rumbu ne da ba mai buɗe shi in ba ka sa wa kanka rana ba. Bayan wannan duka, tarho yakan faɗa rijiya, akan sace shi, wuta takan ɗauke kwana biyu. Saboda haka kaye shi ne uwa, tarho ɗan aike.

Ku mata da ke cewa ba ku da lokacin zama, ba zama ake bukata ba. Kati biyar a bakin zane, a duba su kafin tukunya ta tafasa. Kalmar kuwa a yi aiki da ita ran nan, ko da a kan yara ne. Ki ce wa ɗanki gobe à jeun za ka likita, ya yi dariya, ke kuwa ta zauna miki.

Kada kuma a ɗauka Faransanci kaɗai ake nufi. A nan Zandar aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, a watan Maris na 2025 kuma dokar sake gina ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ai kuwa za ku riƙa gamuwa da Hausar ofis wadda ba a ji a zaure, irin su kasafin kuɗi da ƙudurin doka da manhaja. Su ma gwangwani ɗaya za su shiga. Ku dai kula da ƙugiya in kuna rubuta su, gama kasa daban ƙasa daban, a ƙamus ma ba shafi ɗaya suke ba.

Aikin wannan mako ga shi. Kowa ya nemo takarda ɗaya ta gaske a gidansa, ta likita ko ta haraji ko ta lakwal, ya fitar da kalmomi biyar da ba su zauna masa ba, ya yi musu kati. Ya duba su yau kafin ya kwanta, da gobe da safe, da ranar Alhamis. A ajin dare malamai su karɓi katin, su tambayi kowa nasa, allo a kife. Badukun nan na Birni shi zai fara kawo nasa a ajinmu, ya kuwa ce katinsa na fata zai yi, kada yara su yage.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.