Waɗanda ke zama gefen alƙali

Ƴan'uwa matasa, na gode da kuka bar shayin fada kuka zo. An ce in yi magana a kan yadda ake kiran talaka ya yi shara'a, to bari in fara da abin da kuka saba gani a fim.

A Amurka, takarda ce ke iske mutum har gida: an zaɓo ka, ka zo kotu ran kaza. Direba ne kai ko malamin lakwal, dole ka je, in ka ƙi ba da hujja ana iya cin ka tara. Galibi mutum 12 ake zaunarwa a manyan laifuka, su saurari shaidu, su shiga ɗaki su kaɗai, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a ce mutum ya yi laifi. A Faransa ƙuri'a ake fiddawa daga jerin masu zaɓe, sai wanda ya kai shekara 23. Mutum 6 ne ke zama da alƙalai 3, in an ɗaukaka ƙara su zama 9, kuma muryar kowanensu daidai take da ta alƙali. Mu ma mun gaji wannan tsari daga Faransa, dokarmu ta shara'ar laifuka ta 1961 ta zo da kotun asiz, inda ƴan ƙasa suka riƙa zama tare da alƙalai. Amma wannan zancen manyan birane ne. Nawa ne cikinku suka taɓa ganin zaman asiz? Ba kowa. To amma nawa ne a gidansu aka taɓa rigimar gona? Kun ga hannuwa.

Shi ya sa nake son mu tsaya a kan wasu mutane biyu da ba mu cika lura da su ba. In ka shiga jastis a nan Mayahi ko a Tasawa ranar da ake shara'ar aure, saki, gado ko gonar da ba ta da takardar mallaka, za ka ga dattawa biyu zaune gefen alƙali. Su ne asesar. Ba alƙalai ba ne, mutanen gari ne da aka naɗa saboda sun san al'adar masu ƙara. Dokar tsarin kotuna ta 1962 ta tanade su, ta 2004 ta riƙe su. Dalilin a fili yake: a irin waɗannan matsaloli doka ta ce a yi aiki da al'adar mutane, al'ada kuwa ba a rubuce take a littafi ba. Alƙali yana iya zama ɗan Dosso ko ɗan Diffa da aka turo bara. Wa zai gaya masa bambancin aron gona da jingina da kyauta a bakin Gulbin Kaba? Su.

A doka, shawara kawai suke bayarwa, alƙali ne ke yanke hukunci. Amma ina roƙonku kar ku raina wannan shawara. Ni na ga aikinta da idona.

Lokacin da kakana ya rasu, ya bar gonaki uku da ƴan dabbobi. Aka raba dabbobi, aka ba innata rabonta. Da aka zo kan ƙasa sai kawunnaina suka ce a'a, gandu ba a raba shi, kuma a al'adarmu mace ba ta gadon ƙasa, gonarta tana gidan mijinta. Mijin nan kuwa ya rasu, ga marayu huɗu. Aka je gun maigari, aka je fadar sarki, don dokar karkara ta 1993 ta ce rigimar gona sai ta bi ta hannun sarakuna a nemi sulhu tukuna. Sulhu ya gagara, aka rubuta takarda, muka wuce kotu. Ni ne na kai ta bisa moto, ina ji tana ta addu'a a bayana.

Babban kawuna ya yi bayani mai tsawo, har da sunayen kakanni. Sai ɗaya daga cikin asesar, wani tsoho mai farin gemu, ya nemi izini ya yi tambaya guda. Ya ce: "Malam, da kuka raba awaki, da wane lissafi kuka raba?" Kawu ya ce da na Musulunci, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Tsohon ya ce: "To lissafin da ya isa awaki, me ya hana shi isa gona?" Kotu ta yi tsit. Ya juya ya gaya wa alƙali cewa mutanen nan rabon Musulunci suke bi a gado, kuma a cikinsa ƴa mace tana da rabo a duk abin da mamaci ya bari. Inna ta samu gonarta. Bana ma ta yi gero da wake a ciki.

Abin da ke hana ni barci shi ne wannan: da wani tsohon ne ya zauna a kujerar ranar, wanda shi ma ya hana ƴan'uwansa mata ƙasa, da me zai gaya wa alƙali? Zai ce al'ada ce, kuma ba lalle ya ji yana ƙarya ba. A jihar Maradi, inda mutane suka yi yawa gonaki suka ƙanƙance, mata ne ake fara turewa, kuma da kalmar al'ada ake ture su. Alhali dokar ta ce ba a aiki da al'adar da ta saɓa wa dokokin ƙasa, da ƴancin mutum, da yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su. Innata ba ta san da wannan ba. Ni ma, wallahi, sai daga baya na sani.

Kuma asesar ba ƙuri'a ke fiddo shi ba kamar na Faransa, naɗa shi ake yi. Ke nan muna da ikon tambaya: su wane ne a jerin garinmu, yaya aka zaɓo su, mata nawa ne a ciki? Ba rashin kunya ba ne ga dattawa, ni kaina tsohon nan har yau ina zuwa gaishe shi.

Zaman kotu a buɗe yake, sai in alƙali ya rufe shi. Ina neman mutum biyar, aƙalla biyu mata, su je jastis a watan nan ranar shara'ar al'ada, su zauna a baya, su kashe waya, su saurara. Kar a ɗauki hoto, kar a rubuta sunan kowa. A taro mai zuwa su gaya mana abin da aka tambayi asesar da amsar da suka bayar. Takardar rubuta suna tana bakin ƙofa.