JAN WUTA ZUWA ƊAKUNAN BAYA DA SHAGUNA: A RIƘA LURA DA WAYA

 

An umurce mu da mu yi 'yar magana a kan wayar wuta, kasancewar sayar da kayan wuta ne sana'armu. Mu dai ba injiniyoyi ba ne. Abin da muke gani a shago, da abin da ya same mu a gida, shi za mu faɗa.

Kowa ya san yadda gidajen Sabo suke. Tun 1916 da aka keɓe wa kakanninmu wannan wuri, gidan maigida masaukin fatake ne, na goro da na shanu. Yau a ƙara ɗaki, gobe a fasa shago, har gida ya haɗa bango da gida. Yawancin wayoyin an sa su ne zamanin NEPA, lokacin da kayan wuta ba su wuce ƙwan fitila da fanka da rediyo ba. Tun 2013 kamfanin IBEDC ke ba mu wuta, to amma daga mita zuwa cikin gida ba ruwansa, wannan a wuyan maigida yake.

Bari mu fara tona asirin kanmu. Shekarun baya mun gina ɗakuna shida a bayan gida, muka sa wani yaro ya jawo musu wuta da waya mai lamba 2.5 daga soket ɗin falo, don gudun kashe kuɗi. Ran nan da asuba, cikin hunturu, aka kawo wuta bayan kwana biyu babu. Ba a jima ba wata baiwar Allah mai haya ta ƙwala ihu, wai tana jin ƙaurin roba. Ko da muka cire fis, silin ya riga ya yi baƙi. Mai sayar da waya ne fa wannan ya faru a gidansa!

Ga lissafin da muka ƙi yi. Dutsen guga yana jan wat 1,000, hitar dafa ruwa ma kusan haka. Ɗaki shida, wat 12,000 ke nan, wato a wutarmu mai bolt 230 ya haura amfiya 50. Ita kuwa waya 2.5 a cikin bututu ba ta wuce amfiya 24 ba. Wani zai ce ai ba lokaci ɗaya ake kunnawa ba. To a ƙasar da wuta ke zaune ke nan. Mu nan da an kawo, mai guga ya jona, mai ruwan wanka ya jona, mai firiza ta jona, kowa na sauri kafin a ɗauke. Saboda haka da wannan sa'ar ake auna waya.

Abin da ya dace shi ne, sashen baya ko jerin shaguna a yi musu ƙaramin akwatin raba wuta nasu, a jawo masa waya tun daga babban akwati. Wayar jan ƙarfe mai lamba 6 tana ɗaukar kimanin amfiya 40, lamba 10 kimanin 57, lamba 16 kimanin 76. Lamba 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket, ba a ciyar da akwati da su. In tazarar tana da nisa a ƙara lamba ɗaya, domin wuta tana raguwa a hanya, shi ya sa fankar ɗakin ƙarshe take juyawa kamar mai jin barci. Wayar alminiyam ta fi araha, amma ƙarfinta bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba, sai an sa mai kauri, kuma ba a murɗe ta da jan ƙarfe a naɗe da tef, mahaɗin zai ci ya yi zafi.

Kana kuma a sa bireka daidai ƙarfin wayar, don ita ta faɗi kafin waya ta narke. Masu ɗaure fis da ƙatuwar waya don kada ya riƙa tsinkewa, ku ji tsoron Allah, mai gadin gidan kuka kora. Wayar ƙasa ma, mai launin kore ko kore da rawaya, dole ta bi sauran har cikin ƙaramin akwati.

Sai maganar bututu. Kada a bar waya tsirara a cikin silin ko a kan kwano, rana na dukanta, ɓera na gaigayarta. A zura ta a bututun roba na wuta, ba na ruwa ba. Mai milimita 20 na ƙananan wayoyi ne, manya sai 25 ko fiye, kuma kada a cika shi ya kai rabi, don zafi ya sami hanyar fita. In za a ratsa tsakar gida, a sayi waya mai sulke a binne ta kamar ƙafa biyu, saboda kun san ruwan Badun ba irin na gida ba ne.

In kun shiga Ogunpa ko Dugbe saye, ku duba sunan kamfani da lamba a jikin wayar, da shaidar hukumar SON. Ku sa a kankare bakin. In ciki ya fito fari, alminiyam ce aka yi wa rini. Ku ɗaga naɗin ku ji nauyi. Araha ba ta ado. Kada a ce tallar hajarmu muke yi, ku saya inda kuka ga dama, a dai sayi ta gaske, a ba wa mai takardar shaidar aiki ya haɗa.

Jama'a, gobara a Sabo ba ta gida ɗaya ba ce, kuma motar kashe wuta ba ta shiga lungunanmu. Mai haya ya kwanta da iyalinsa bai san abin da ke saman kansa ba, amana ce a hannunmu. Muna roƙon ƙungiya ta naɗa mutum uku tare da ƙwararren mai aikin wuta, su zaga gida gida kafin hunturu ya shigo. A fara da namu.

Allah ya tsare mu da gobara, ya albarkaci kasuwanninmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.