Gwaza a Cikin Gida: Ado da Abinci



An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan gwaza, wadda a wasu wurare ake kira makani. Da yawa cikinmu ba mu da gona, a gidan haya muke zama, ga tsadar abinci kuma kowa ya sani. Amma ba a rasa ɗan lungu a bayan ɗaki, ko gefen da ake wanke-wanke inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi. Wurin da muke rainawa ɗin nan, shi gwaza take so. Tana jure inuwa, faffaɗan ganyenta kuma yana ƙawata tsakar gida. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman gwaza a duniya.

Shukarta ba wuya. In damina ta kankama, a haƙa rami kamar taƙi ɗaya, a zuba ruɓaɓɓen taki, a sa kan gwaza ko ƙananan 'ya'yanta, a rufe. A bar tazarar santimita 60 zuwa mita 1 tsakanin ramuka. Wanda tsakar gidansa siminti ne, ya sami tsohon bokiti ko buhu, ya huda ƙasansa, ya cika da ƙasa. Kada a bari ta bushe. Bayan wata 7 zuwa 10, in ganye ya soma yin ɗorawa yana kwantawa, lokacin tono ya yi.

Sai dai akwai gargaɗi guda uku, ina roƙon iyaye su riƙe su.

Na fari, ɗanyar gwaza tana da ƙaiƙayi. A cikin saiwarta da ganyenta akwai wasu 'yan ƙanana kamar allurai da ido ba ya gani, su ne suke ƙona baki da maƙogwaro. A dafa ta ta nuna sarai. Ganyen ma ana miya da shi, kamar yadda 'yan'uwanmu na Gana suke yi da kontomire, amma sai ya dahu sosai.

Na biyu, ba kowane mai kama da gwaza ne gwaza ba. Masu sayar da furanni suna da wani mai ganye ɗigo-ɗigon ja da fari, na ado ne kawai, ba a cinsa. A nisanta shi da yara masu rarrafe. Irin da za a ci, a karɓe shi daga hannun manomi.

Na uku, cutar ganye. Ta ɓulla a Nijeriya a shekarar 2009, ta yi ɓarna a Kamaru a 2010. Tun a 1993 ta kusan share gwazar tsibirin Samowa. Alamarta tabo ne mai ruwan ƙasa da yake faɗaɗa har ganye ya ruɓe. Da an gan shi, a yanke ganyen a binne nesa, kada kuma a ɗauki iri daga wurin.

A ƙarshe ina roƙon dattawa: wanda ya tona tasa, ya ware 'ya'ya biyar ko goma ya kawo, a raba wa gwauraye da gidajen da ba su da iri. Da haka kafin damina biyu kowane gida zai sami nasa.

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.