Kirarin Amurka Da Kirarin Kano: Abin Da Maroƙi Ba Ya Faɗa



Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, shugabannin mazaɓun Rurum Tsohon Gari da Rurum Sabon Gari, 'yan uwana matasa da kuka taso daga Rano da Kibiya, barkanmu da wannan lokaci. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Jama'a, maganar Amurka ta cika wayoyinmu. Tun watan Nuwamba na 2025 da Shugaba Donald Trump ya yi barazanar turo sojoji Najeriya, matasanmu suka rabu gida biyu a Facebook. Wasu na ganin Amurka ce alƙalin duniya, duk abin da ta faɗa ya zauna. Wasu kuma zagi kawai suke yi, ba hujja ba tarihi. To yau mu ajiye yabo, mu ajiye zagi, mu ɗauki Amurka mu yi madubi da ita. Amma ina gargaɗinku tun yanzu, in mun gama kallon fuskarta, tamu za mu kalla.

Kowace ƙasa tana da kirarinta. Kirarin Amurka shi ne ita ce gidan 'yanci. Ranar 4 ga Yuli, 1776, shugabanninta suka fitar da takardar ɓallewa daga mulkin Ingila, suka rubuta a ciki cewa duk ɗan Adam daidai aka halicce shi. Magana mai daɗi. Amma Thomas Jefferson, wanda ya rubuta ta da hannunsa, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Da suka zo rubuta kundin tsarin mulki a 1787, wajen ƙidayar jama'a don rabon kujerun majalisa, sai suka ce bayi biyar a lissafa su a matsayin mutum uku. Kafin 1860 bayi sun kusa miliyan huɗu a ƙasar. Sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da dubu 600 suka mutu, sannan aka soke bauta. Ko bayan nan, sai 1965, shekara ɗari cif, aka yi dokar da ta tabbatar wa baƙar fata damar jefa ƙuri'a a jihohin kudu.

'Yan asalin ƙasar fa, waɗanda Turawa suka tarar? A 1830 aka yi dokar tashin su daga gonakinsu. A 1838 aka kora ƙabilar Cheroki zuwa yamma kamar dabbobi, wajen mutum dubu huɗu suka halaka. A garin Tuskegee kuwa, daga 1932 har 1972, hukumar lafiya ta gwamnati ta bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda cutar take cin jiki.

Mu Kanawa ma abin ya taɓa shafarmu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana cikin birnin Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfani ya ce cutar ce ta yi kisan. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Wa ya tona wannan magana ta Trovan har duniya ta ji? Jaridar Washington Post ce, a shekarar 2000. Ta Tuskegee ma ma'aikacin lafiyarsu ne ya kai wa 'yan jarida, har Shugaba Bill Clinton ya fito ya nemi gafara a 1997. Tun 1852 wani tsohon bawa mai suna Frederick Douglass ya tsaya gaban Turawa ya tambaye su ina ruwan bawa da bikin 'yancinsu. Martin Luther King ya ɗauko takardar 1776 ɗin nan ya ce bashi ne, a biya, har aka harbe shi a 1968. Duk ɗan gyaran da Amurka ta samu, ta hannun irin waɗannan ta same shi, mutanen da aka zaga, aka ɗaure, aka ce ba su da kishin ƙasa. Maroƙan gwamnati ba su gyara komai ba. Har gobe kuma rigimar ba ta mutu ba, ana ta ja-in-ja a kan abin da za a koya wa yara a makaranta game da bauta.

Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To mu sauko daga tudun.

Mu ma muna da kirari. Kano ta Dabo, tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Mu nan kuma ƙasar Autan Bawo ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, masu baba da rini. Wallahi ba ƙarya a ciki. Kano ta tufatar da mutane tun daga Barno har Timbuktu, turkuɗinta ya tsallake Sahara. Amma wa ya noma audugar? Wa ya noma baban da aka zuba a karofi? Manoma 'ya'ya sun yi, amma bayi ma sun yi, kuma da yawa.

Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya ƙiyasta cewa fiye da rabin mazauna birnin bayi ne. Barth da ya zo a 1851 ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga Kano duk shekara za su kai dubu biyar. Masana tarihi Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta bayin da ke daular Sakkwato wajen 1900 tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi. Gandayen sarki irin na Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa, da ƙarfin bayi ake noma su. Kalmomin ma suna nan a bakinmu. Rinji shi ne ƙauyen bayi. Bacucane shi ne wanda aka haifa cikin bauta. Murgu shi ne kuɗin da bawa yake biyan ubangijinsa don a bar shi ya yi sana'ar kansa. Harshe ba ya ƙirƙirar suna ga abin da babu.

Mu mutanen kudancin Kano mun fi kowa sanin wannan, don a bakin daga muke. A ƙarni na 19 mayaƙan Ningi sun sha kawo hari kudancin Kano, su ƙone gari, su kwashi mata da yara. Shi ya sa garuruwanmu suka kewaye kansu da ganuwa. Wannan ɓangaren labarin muna ba da shi. Wanda ba mu cika bayarwa ba shi ne rundunar Kano ma, musamman zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, ta sha shiga ƙasar Ningi da Warji, ita ma ta dawo da kamammu. An kama namu, mun kama na wasu. Ku nemi labarin Baba ta Karo, wata dattijuwa daga wajen Zarewa da aka rubuta tarihin rayuwarta, aka buga a 1954. Gidansu suna da rinji, kuma mahara sun kama 'yan gidan nasu sai da aka biya fansa. A gida ɗaya ke nan.

Wani zai ce ai bautarmu ba irin ta Amurka ba ce. Akwai gaskiya a ciki. A nan bawa yakan zama Shamaki ko Ɗan Rimi ko Sallama, ya fi ɗa iko a fada. Ɗan ƙwarƙwara yakan hau gadon sarauta. Ba a gina abin a kan launin fata kamar can ba. Amma ku tambayi uwar da aka raba da ɗanta a kasuwa ko wannan bambanci ya share mata hawaye. Shamaki ɗaya ne, 'yan rinji kuwa dubbai. Malamanmu ma ba su yi shiru ba. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta cewa bai halatta a bautar da mutanen Kano da Katsina da Barno ba, wanda ke nuna maka ana yi. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kansa ya gina littafinsa Shaihu Umar a kan yaron da aka sace aka tsallaka Sahara da shi. Manyanmu sun faɗa, mu ne muka daina karantawa.

Turawan Ingila da suka bi ta Bebeji suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 sun rufe kasuwar bayi, suka ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. Amma ba su soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ku lissafa, shekara casa'in ke nan. Kakan wani a zauren nan ya ga zamanin da idonsa. Su Turawan ma ba tausayi ya kawo su ba, don sun zo da nasu aikin tilas, na layin dogo da na haƙar kuza a Jos.

Siyasar Kano da muke tinƙaho da ita, daga faɗin gaskiya mai ɗaci ta samo asali. Ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa NEPU. Malam Aminu Kano da mutanensa suka ce talaka mutum ne, aka ce sun raina sarauta, sun zubar da mutuncin Arewa. An yi musu bulala, an ɗaure su, Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku. Irin sunan da aka kira Douglass da King, shi aka kira su. Amma ba don su ba, da Abubakar Rimi bai samu ƙafar soke haraji da jangali a 1979 ba. Kuma wannan siyasar tamu ita ma tana da nata tabon. Ranar 10 ga Yuli, 1981, 'yan banga suka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara, a gidansa cikin Kano. Yau matashi nawa ne ya san sunansa?

Ko nan kusa da mu, ga dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo. Abin alfahari ne, shi ke shayar da noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Amma akwai ƙauyuka da gonaki da maƙabartu a ƙarƙashin wannan ruwa. In ana yabon dam, a riƙa tunawa da waɗanda aka tasa.

Me ya sa nake tono wannan a taron siyasa? Saboda abin bai wuce ba. Har yau ana fasa aure a garuruwanmu bayan an je binciken asali, a dawo ana raɗa cewa kakansa daga rinji yake. Har yau in takara ta yi zafi, sai ka ji an koma ɗan wane ne, su wane bayinmu ne. Har yau akwai mai kallon matashi a matsayin kayan gidansa, ya ba shi ƙwaya da gora ranar zaɓe, ya manta da shi shekara huɗu. Wanda bai yarda an taɓa mallakar mutane a ƙasar nan ba, ba zai gane sabon salon mallakar ba in ya gan shi.

Don haka ina roƙon abu uku.

Na farko, kalmar bawa da bacucane su fita daga bakinmu wajen gori, a dandali ko a waya. Duk wanda ya jefi abokin hamayya da ita, ko namu ne, a tsawata masa a fili.

Na biyu, ku matasa masu manyan wayoyi, ku je wurin tsofaffin Rurum da Kibiya da Rano tun suna raye. Ku tambaye su labarin harin Ningi, da haraji, da NEPU, da tashin Tiga. Ku naɗa, ku rubuta, da daɗi da ba daɗi. Wanda ya ce a sakaya sunan gidansu, a sakaya.

Na uku, mu daina auna ɗan siyasa da yawan kirarin da aka yi masa. Mu auna shi da yadda yake yi in an faɗa masa laifinsa. Wanda ya tashi a cikinmu ya ce ga inda aka kauce, kada a ce masa ɗan adawa ne ko an saye shi. Shi ne mai ƙaunar tafiyar.

Amurka za ta ci gaba da yi wa duniya wa'azi, mu kuma muna da damar tuna mata Tuskegee da Asibitin Zana. Amma bakinmu zai fi nauyi ranar da muka iya faɗin Fanisau da rinji da 1936 ba tare da mun sunkuyar da kai ko mun fusata ba. Kirarin Kano na nan daram, ba wanda zai ƙwace mana shi. A ƙara masa gaskiya kawai.

Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, waɗanda tarihi ya riƙe sunansu da waɗanda ya manta. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maida kowa gidansa lafiya.