Abin da ke riƙe sarauta: muhawarar malaman ƙasar Sin

 

Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. 

Gidan sarautar da ya cika shekara 100 ya isa a tsaya a tambayi abin da ke riƙe mulki har ya daɗe. A kan wannan tambaya malaman ƙasar Sin suka yi ta muhawara fiye da shekara 2000 da suka wuce, sa'ad da ƙasarsu ta rarrabu, sarakuna suna ta yaƙar juna.

Konfusiyus, wanda ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ɗora kome a kan halin sarki. A ganinsa tsoron horo yana hana talaka yin laifi, amma ba ya koya masa kunya. Kyakkyawan halin shugaba ne ke yin wannan. Ya fifita amincewar jama'a bisa makamai, har bisa abinci. Almajirin tafarkinsa, Mensiyus, ya ƙara da cewa talakawa sun fi sarki daraja, kuma azzalumi da kansa yake tuɓe rawaninsa.

Mo Zi ya yarda da nagarta, amma ya soki fifita dangi. Ya nemi a naɗa mai cancanta ko da ɗan manomi ne, a kuma daina ɓarnar dukiya wajen jana'izar manya. Littafin da ake dangantawa da Lawo Zi kuwa ya shawarci sarki da ya rage sa hannu, domin yawan haraji da yawan doka su ne ke jawo yunwa da sata.

Han Fe, wanda ya rasu a 233 kafin haihuwar Annabi Isa, ya saɓa musu duka. Hujjarsa ita ce sarki nagari ba kullum ake samunsa ba, saboda haka sai a dogara ga rubutacciyar doka, da lada da horo, ba sani ba sabo.

Tarihi ya gwada su. Daular Cin ta bi tafarkin tsananin doka, ta haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, amma aikin tilas da horo mai tsanani suka tunzura talakawa, ta rushe cikin shekara 15. Daular Han da ta gaje ta ba ta watsar da dokokin ba. Ta sassauta su, ta rage haraji, daga baya ta riƙa horar da ma'aikata da littattafan Konfusiyus. Ta yi kusan shekara 400.

Ranka ya daɗe, doka ita ce katanga, amma amincewar talakawa ita ce harsashi. Sarki goma, zamani goma: kowane magaji sai ya sake neman wannan amincewa da kansa, wajen shari'ar gona, da sasanta manomi da makiyayi, da zaɓen wanda za a naɗa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.