Sadakar da Ke Zuwa Har Gida: Tsarin Ƙungiyar Vincent de Paul da Bukatun Yankin Izom



A watan Afrilun 1833, wasu ɗalibai a Paris ta ƙasar Faransa suka kafa Ƙungiyar St. Vincent de Paul. Jagoransu, Frederic Ozanam, shekararsa 20. An goranta musu ne a wajen muhawara, aka tambaye su abin da ikkilisiyarsu ke yi wa talaka, sai suka ɗauki itacen girki suka shiga unguwannin matalauta, wata sista mai suna Rosalie Rendu tana nuna musu gidajen.

Ƙa'idoji biyu daga tsarinsu nake so mu duba. Ta farko, ziyara. Mutum biyu ke zuwa gidan mabukaci, su yi sallama, su zauna kan tabarmarsa. Wanda ya zauna shi ke ganin murhu ba toka, shi ke lura cewa yarinyar gidan ba ta makaranta saboda kuɗin littafi. Rabon shinkafa a harabar majami'a lokacin Kirsimeti ba laifi ba ne, amma mai ƙarfin turereniya ke samu. Gwauruwa mai kunya da tsohon da ƙafa ta gaza suna gida, ba wanda ya san da su.

Ta biyu, baikon asiri. A ƙarshen kowane zaman ƙungiyar ana zagayawa da jaka, kowa ya cusa hannu, ba a san wanda ya sa dubu ba balle wanda ya sa hamsin. Saboda haka manomin doya da ma'aikacin gwamnati murya ɗaya gare su. Ba a kuma tambayar mabukaci addininsa, abin da a ganina ya fi komai dacewa da Izom, inda Gbagyi da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya.

Izom na cikin Ƙaramar Hukumar Gurara, ƙarƙashin Dayosis ɗin Minna, kuma yankin ya sha makoki. Ranar Kirsimetin 2011 bam ya tashi a Cocin St. Theresa da ke Madalla. Ranar 18 ga Janairun 2025 tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, sama da mutum 80 suka rasu, da yawansu sun je kwasar fetur ne. Talauci ya kai su wurin. A irin wannan masifa manya kan zo jaje su tafi, marayu kuwa suna nan, kuma kuɗin magani ba ya jira.

Roƙona ga kowace majami'a daga Izom zuwa Lambata: a samu mutum shida masu riƙon amana, a ba su littafin lissafi, a karanta shi gaban jama'a duk wata, su kuma nemi mai unguwa da limamin masallaci su nuna musu gidajen da ake kwana da yunwa.