Alƙalamin da ke Bayan Kyamara: Darasi daga Rayuwar Hajiya Balaraba Ramat Yakubu



An nemi in yi magana a kan sana'ar rubuta labarin fim da shirya shi. Wani zai ce me ya haɗa taron dattawa da zancen fim? Amsar tana cikin falon kowannenmu. Yaron da aka haifa a Legas ko Abuja ko Fatakwal, wanda ba ya zuwa gida sai da salla, mafi yawan Hausar da yake ji bayan ta iyayensa daga akwatin talabijin da wayar hannu yake jin ta. Can yake ganin yadda ake gaisuwa, yadda ake neman aure, yadda ake zama a gaban manya. Saboda haka wajibi ne mu san ko su wane ne ke tsara abin da ake nuna masa. Jama'a sun fi sanin fuskokin 'yan wasa, alhali kuwa ɗan wasa abin da aka rubuta masa yake faɗa. Mutum biyu ne ke yanke hukunci tun kafin a kunna kyamara, wato marubucin labari da mai shirya fim, wanda 'yan sana'ar ke kira furodusa.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, zan kafa misali da wadda ta haɗa ayyukan nan biyu, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

An haife ta a Kano a ƙarshen shekarun 1950, kuma ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban ƙasar da aka kashe a 1976. Wannan dangantaka ba ta hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tun ba ta kai shekara 14 ba. Auren bai ɗore ba. Daga baya ta shiga ajin yaƙi da jahilci na Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa a 1980. A nan ta ƙarfafa karatu da rubutunta na Hausa, kuma da Hausar ta yi duk aikin da ya fito da sunanta.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka katse wa karatu aka aurar da ita ga dattijo, da kuma Alhaki Kwikwiyo Ne, labarin Rabi, wadda mijinta ɗan kasuwa ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta riƙa sayar da abinci har ta raine su. Ta kasance cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, a zamanin da wasu masana ke yi wa littattafansu laƙabin raini da adabin kasuwar Kano. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kwikwiyo Ne cikin Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Abin da aka raina a gida sai ga shi ana karantawa a ƙetare.

A daidai lokacin da take rubutu ne harkar fim ɗin bidiyo ta kunno kai a Kano. Kafin nan, wasan kwaikwayo a gidajen talabijin na gwamnati ake ganinsa, irin su Samanja na Kaduna da Karkuzu na Jos. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, sai ƙofa ta buɗe. Marubuta littattafai na cikin waɗanda suka fara shiga, domin su ne ke da labari a hannu. A 1998 aka mayar da Alhaki Kwikwiyo Ne fim, ita ma Hajiya Balaraba ta shiga shirya fina-finai da kanta. Aikinta mafi girma a wannan fage shi ne Juyin Sarauta na 2017, wanda ta rubuta kuma ta shirya, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, labarin rikicin gadon sarauta a wata fadar ƙasar Hausa ta zamanin da.

A nan ya kamata mu fahimci nauyin kowane aiki. Marubucin littafi yana da ikon shiga zuciyar mutum ya gaya mana abin da yake saƙawa. Marubucin fim ba shi da wannan gata. Idan yana son mu gane cewa maigida ya juya wa uwargida baya, tilas ya nuna mana, ko ta kuɗin cefane da ya rage, ko ta kwanon abincinta da ya bari a rufe. Yakan raba labarin fitowa-fitowa, ya faɗi wuri da lokaci da wanda ke ciki, kuma a bisa al'adar sana'ar, shafi ɗaya yakan ci kusan minti ɗaya a allo. Shi kuwa furodusa, shi ke neman kuɗi, ya ɗauki darakta, ya biya 'yan wasa, ya nemi wurin ɗauka, ya kai fim gaban Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, sannan ya fuskanci kasuwa. In aka faɗi, shi ya faɗi. Ku auna wahalar fim ɗin tarihi: ba a son turken lantarki ko rufin kwano ko bokitin roba ya faɗo cikin hoto, ga dawaki, ga tufafin da, ga Hausar fada wadda sai an tambayi dattawa. Duk wannan bincike ne da kuɗi da haƙuri.

Kasuwar kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba. Daga kaset aka koma faifan CD, masu satar fasaha suka durƙusar da cinikin faifan, sai harka ta koma ga shirye-shirye masu dogon zango. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, daga bisani Kwana Casa'in, wasu kuma suka koma YouTube. Wannan sauyi ya ƙara wa marubuci daraja, domin shirin da ake nunawa mako-mako ba ya rayuwa da rawa da waƙa. Da zarar labari ya yi rauni, mai kallo ya tashi.

Jama'a, mun daɗe muna kukan cewa fina-finanmu na kwaikwayon Indiya, kuma akwai gaskiya a kukan. To amma kuka ba ya gyara labari. Idan ɗanka ko 'yarka ta nuna sha'awar wannan sana'a, kafin ka yi hukunci tambaye ta me ta karanta, wa ta zauna da shi cikin tsofaffi, kuma ko za ta iya zama wata uku a kan takarda ɗaya tana gyara. Masu hannu da shuni a cikinmu kuwa, su sani cewa labaran yaƙe-yaƙe da fatauci da sarautar garuruwanmu suna bakin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu marubucin da zai kai su allo ba tare da jari ba.

Abu na ƙarshe ya shafi iyaye. Matar da ta rubuta Juyin Sarauta an taɓa rufe mata ƙofar aji tana yarinya, sai da ta girma ta sake ƙwanƙwasawa. Ba kowace ce ke samun wannan dama ta biyu ba. Mu bar 'ya'yanmu mata su kammala karatu, waɗanda kuma aka riga aka katse wa, mu taimaka musu su koma.